Kwana 6 a Masar da kuɗi kaɗan: zan iya kaiwa Luksor da Abu Simbel?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara, don kaina ya kulle. Shekara 11 ina koyar da tarihi a sakandare, duk shekara sai na zana wa yara dalolin Giza a allo, alhali ban taɓa sa su a ido ba. Kuɗin adashe ne na haɗa da na ragon da na sayar, maigidana a wurin aiki ma da ƙyar ya sa hannu a takardar hutun, ga iyali suna ganin da gyaran rufin ɗaki na yi da ya fi. Tikitin jirgi daga Kano zuwa Alƙahira na riga na biya, biza ta fito. Ƙanena yana karatu a Azhar, a wurinsa zan sauka. Abin da ya rage a hannuna dalar Amurka 350 ne, kwana 6, a watan Yuli. Ina son ganin Giza, Luksor, Aswan da Abu Simbel. Ta ina zan fara?

Abu Hanan:
Wa alaikumus salam Malam. Ka cire Abu Simbel da Aswan tun yanzu, ga lissafin. Alƙahira zuwa Luksor kilomita 650 ne da ɗoriya, awa 10 a jirgin ƙasa. Luksor zuwa Aswan wasu awa 3. Daga Aswan zuwa Abu Simbel kilomita 280, motocin suna tashi wajen ƙarfe 4 na asuba, ka yi awa 3 da rabi a sahara, ka tsaya awa 2, ka juyo. Rabin kwanakinka a kujerar mota za su ƙare.

Abin da za ka yi: rana ta 1 Giza. Rana ta 2 Sakkara da Dahshur, da dare ka hau motar Go Bus zuwa Luksor, ka ga kuɗin masaukin daren ya huta. Kada ka ce sai jirgin ƙasa, domin an ware wa baƙi farashinsu daban da na 'yan ƙasa, ya ninka sosai. Rana ta 3 haikalin Karnak da sassafe, haikalin Luksor bayan magariba in sun kunna fitilu. Rana ta 4 yammacin kogin Nilu a Luksor, ka komo Alƙahira da dare. Kwana biyun ƙarshe na tsohuwar Alƙahira ne.

Kuma ba ka faɗi abu mafi muhimmanci ba: wane kati kake da shi? Tun 2023 manyan wuraren nan suka daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, sai Visa ko Mastercard. Katin naira ba kowanne ne ke aiki a waje ba.

Malamin Tarihi:
Na gode ƙwarai. Amma gaskiya Abu Simbel shi ne dalilin tafiyar. Yadda aka yanka dutsen haikalin gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968 aka ɗaga shi mita 65 saboda ruwan madatsar Aswan, darasi ne da nake koyarwa. Zaman mota ba ya damuna.

Ɗan Azhar:
Malam, zai yiwu, amma sai ka juya tsarin. Ka wuce Aswan kai tsaye a dare ɗaya, awa 13 zuwa 14. Ranar da ka sauka ka sa sunanka a motar haɗaka ta Abu Simbel a masaukinka, kada ka ɗauki shata. Washegari ka je ka dawo da rana, da yamma ka gangaro Luksor. Abin da za ka sadaukar shi ne Sakkara da Dahshur. Maganar kati kuma ƙanenka ya biya da nasa na bankin Masar, ka ba shi kuɗin a hannu, sai dai hakan na nufin ya bi ka kudu.

Abu Hanan:
In ya bi shi, kuɗin mota da na tikiti sun zama na mutum biyu, a cikin 350 ɗin? Kuma kai Ɗan Azhar ka san abin da kake cewa ya bari? A Giza tikitin shiga filin daban, na shiga cikin dalar Khufu daban, na biyun ya fi tsada, abin da ke ciki kuwa rami ne matsattse da ɗaki ɗaya mai akwatin dutse babu komai. A Dahshur tikiti ɗaya ne, da shi za ka shiga cikin Jan Dala, ba cunkoso, ba masu raƙuma suna jan rigarka. Mai ƙaramin ƙarfi can ya kamata ya shiga. Sakkara kuma nan dalar Zosar mai hawa shida take, wadda ta girme su duka. Malamin tarihi ya tsallake wannan?

Maman Ilham:
Ni abin da ke ci mini rai masu raƙuma da dawakin Giza ne. Za a ce maka hawa kaza ne, sai ka hau a ce sauka ma da kuɗinta. Wani ya karɓi tikitinka kamar ma'aikaci, ya ja ka wurin dokinsa. Wani ya ɗora maka rawani a ka ya ce kyauta, ka taka uku ya biyo ka. Kuma da sun ga baƙar fata sai su ɗauka ba ka san komai ba. Kada ka miƙa wa kowa tikiti in ba a bakin ƙofa ba, kada ka ba kowa wayarka ya ɗauke ka hoto. "La, shukran" (a'a, na gode) sau ɗaya, ka ci gaba da tafiya. Ka tanadi canji ƙanana na fam, domin mai gadin kabari da mai banɗaki duk bakshish, wato ɗan na goro, suke jira.

Baban Sadik:
Ba wanda ya taɓo watan. Yuli a Luksor da Aswan zafi yana wuce digiri 40 kusan kullum, Kwarin Sarakuna kuma, inda kaburburan fir'aunoni suke a yammacin Luksor, kwari ne na farin dutse, ba ko bishiya ɗaya. Ana buɗewa ƙarfe 6, ka kasance a ƙofa kafin nan, ka fita kafin 10. Ruwa lita 3 aƙalla, ka saya a shagon cikin gari, na bakin ƙofa ninki ne. In da hali a ɗaga tafiyar zuwa Nuwamba ko Fabrairu.

Malamin Tarihi:
Baba, hutuna ke nan, kuma tikitin ba a canza shi sai da tara. Mutumin da ya saba da zafin Afrilu a gida ba na jin wannan zai gagare shi.

Abu Hanan:
A gida kana da zaure da inuwar darbejiya, can tafiyar ƙafa za ka yi a kan dutse. To ji yadda za ka rage kashe kuɗi a yammacin Luksor. Jirgin fiton jama'a yana kusa da haikalin Luksor, shi za ka hau, ba kwalekwale mai inji da za a tare ka da shi ba. In ka haye ka yi ciniki da mai tasi na zuwa, jira da dawowa gaba ɗaya, kada ka biya sai ya dawo da kai bakin ruwa. Tikitin Kwarin Sarakuna kaburbura 3 yake ba ka, ana huda shi a kowace ƙofa, don haka ka zaɓa kafin ka shiga. Na Ramsis na 3 da na Ramsis na 4 launin zanensu yana nan raɗau. Kabarin Tutankhamun da aka gano a 1922 tikitinsa daban, ƙarami ne, dukiyarsa kuma ba ta ciki, ka bar shi. Gumakan Memnon biyu a bakin titi suke, kyauta. A Karnak kada ka ɗauki ɗan jagora, ka zauna a zauren ginshiƙai 134 ka kalla da idonka. Abinci kuwa ful da ɗa'amiyya da safe, koshari da rana.

Ummu Aiman:
Ni dai ina da tambaya. Shiga kaburburan mutanen da suka bauta wa gumaka ya halatta? Akwai hadisin Hijr, garin Samudawa, da aka hana shiga sai ana kuka.

Ɗan Azhar:
Malamai sun yi magana a kai, Yaya, da yawa sun ce hanin na wurin da azaba ta sauka ne, kuma Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. A cikin haikalin Luksor ɗin ma akwai masallacin Abul Hajjaj, ana salla a ciki har yau. Malam, in ƙanenka zai raka ka ya riƙe katin ɗalibi, rabin kuɗi ake biya da shi. Titin Mu'izz, masallacin Azhar da na Ibn Ɗulun da aka gama a 879 duk ba a biyan kuɗin shiga.

Malamin Tarihi:
Allah Ya saka da alheri. Ƙanen nawa yana da jarrabawa a makon, ba zai bi ni ba. Ina ganin tsarin Ɗan Azhar zan bi, Dahshur in Allah Ya sa da rabo wata rana.

Abu Hanan:
Har yanzu ba ka amsa ba, Malam. Da wane katin za ka biya a ƙofar Abu Simbel?