Wace adafta kuke haɗa laftof da majigin aji da ita?

Malamin Bayoloji, Kumo: Assalamu alaikum. Ranar Litinin na ji kunya a gaban ɗalibaina. Na kwana ina shirya hotunan zuciya da jijiyoyi, na shiga aji, sai na tarar majigin makarantarmu bakin VGA kaɗai gare shi, shuɗin nan mai ramuka 15 a jeri uku, laftof ɗina kuwa HDMI ce. Da alli na ƙarasa darasin. Kafin in kashe kuɗi, me ya kamata in saya?

Mai gyaran kwamfuta, Jekadafari: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce wa mai shago daga HDMI zuwa VGA kake so, ka kuma maimaita masa. Wannan adaftar hanya ɗaya take bi. HDMI dijital ce, VGA kuwa tsohon tsarin analog ne tun 1987, akwai ɗan guntun na'ura a cikin adaftar da ke juya saƙon, kuma ba ya juya shi da baya. Kusan kullum sai wani ya zo mini da wadda ya saya a juye yana cewa ta lalace. Lafiyarta ƙalau.

Abu na biyu, VGA ba ta ɗaukar sauti. In za ka nuna bidiyo, nemi mai ƙaramin ramin da za ka sa wayar lasifika.

Malamar Turanci, Pantami: Ni USB-C ce ta yi mini tsiya. Na sayi adafta mai baki huɗu, na haɗa, allon majigi shuɗi kurum. Na koma shago har da faɗa, ashe laifin laftof ɗina ne. Ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba, wani caji da fulash kawai yake yi. Yanzu na san in na ga alamar walƙiya ko harafin D a gefen ramin, to zai yi. Har yau ban koma na ba yaron haƙuri ba, Allah ya yafe mini.

Ɗan bautar ƙasa, Billiri: Masu tsofaffin laftof HP EliteBook 'yan gwanjo, ku duba da kyau. Ramin da kuke zaton HDMI ne, sau da yawa DisplayPort ne, wani baki daban mai kama da HDMI, gefe ɗaya kawai aka yanke masa. Na kusa karya waya ina turawa da ƙarfi.

Mai gyaran kwamfuta, Jekadafari: Haka ne ƙanina. Kuma in an haɗa komai daidai hoto bai fito ba, a danna maɓallin Windows da P tare, a zaɓi na biyu, mai nuna abu ɗaya a fuska biyu. In rubutu ya fito a matse ko gefe ya yanke, a rage girman hoton zuwa 1024 da 768, yawancin tsofaffin majigan nan iyakarsu ke nan.

Malamin Bayoloji, Kumo: Na gode ƙwarai. Ranar Asabar zan shigo Gombe, kuma da laftof ɗin zan zo a gwada a gabana.