'Ya'yan marigayi yayana za su zo Kano, kwana biyu gare ni: ina zan kai su?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Yayana ya rasu bara a Fatakwal, can ya yi zaman aiki, can aka haifi 'ya'yansa uku. Hutun nan mahaifiyarsu ta amince su zo mana. Babbar shekararta 14, autan 8. Da muka yi waya sai babbar ta ce, "Gwaggo, kullum Abba yana ce mana shi ɗan gindin Dala ne, ki kai mu mu ga Dalan." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. A Kano aka haife ni, ina hango dutsen daga cikin adaidaita sahu, amma ban taɓa hawa ba. Kwana biyu kacal zan samu a wurin aiki, kuɗin hannuna kuma ba yawa. Ga Hajiyarmu ta ce ƙafarta ƙafar jikokinta, alhali tana fama da ciwon gwiwa. Da ina zan fara, me zan bari?

Wani malamin makaranta daga Gwale:
Allah ya jiƙan yayanki, ya raya abin da ya bari. Malama, ki fara da Gidan Makama, nan daf da fadar Sarki. Ginin ƙasa ne da ake danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A ciki za su ga kayan yaƙi, da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Ki nemi ma'aikacin da zai zaga da ku yana bayani, kada ku shiga ku yi ta kallon bango. Yaron da ya ji labari tukuna, in ya hau Dala ya san abin da idonsa yake gani.

Wata 'yar uwa daga Ƙofar Mazugal:
Malam, ka yi haƙuri, ban bi ka ba. Yarinyar nan ba tarihi ta roƙa ba, wurin da ubanta yake ambato take son gani. Yaya, ki kai su Dala ranar farko, da sassafe kafin rana ta take. Akwai matakala har sama, yara za su haye, amma Hajiya kam ta zauna a ƙasa. Ku tafi da namiji babba da ruwan sha, kuma kada ku bari sai yamma. Daga sama ki nuna musu Goron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci, sannan ku lalubo unguwarku tare.

Wani ɗan uwa daga Kurna:
Ni abin da nake jin tsoro labarin Barbushe, jagoran tsafin Dala a da, da gunkinsa Tsumburbura. Yara ne ƙanana, kada a cusa musu zancen tsafi.

Malamin Gwale ya sake cewa:
Ɗan uwa, ɓoyewar ce za ta fi rikita su, don a wani wurin za su ji. A faɗa musu yadda yake: mutanen farko a gindin Dala maƙera ne masu narka tama, kuma a lokacin gunki ake bauta wa. Daga baya Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali zamanin Sarki Yaji, addini ya kafu. In kuna da hali ku biya Madabo, unguwar malamai ce tun wancan zamani.

Wani ɗan marina:
Hajiya, don Allah kada ki tsallake marinar Ƙofar Mata. A wannan sana'a na tashi, kuma na ga yadda yara suke yi in sun zo. A ƙofar shiga an rubuta 1498. Baba da toka ake jiƙawa a karofi, wato ramin rini, a bar shi kwanaki har ya nuna. Ki roƙi marini ya tsoma farin ƙyalle a gabansu: zai fito kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi suna kallo. Autan nan naku ba zai manta ba. Ku leƙa wajen masu bugu kuma, su ji yadda sautin mabugi yake tashi. Abin da ke damuna, yawancin karofin sun bushe, tsirarun dattawa ne suka riƙe aikin. Ko ɗankwali ɗaya ne ki saya wa babbar, ya fi musu daɗi a kan a ɗauki hoto a wuce.

Wata 'yar uwa daga Kabuga:
Ganuwa kam ki shirya zuciyarki. Sarki Gijimasu ya fara gina ta kusan shekara 900 da suka wuce, amma yau ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gini sun cinye mafi yawanta. Ku bi titin BUK (Jami'ar Bayero) a mota ta Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya, ku tsaya inda sauran badala take. Minti ashirin ya isa.

Wani dattijo daga Yakasai:
'Yata, duk sun faɗi gaskiya, amma kowa yana neman inda zai ajiye Hajiya. Ita ce fa ta haifi mamacin. Rana ta biyu ki ɗauki shatar adaidaita sahu, ki sa ta a ciki, ku shiga cikin gari a hankali. Sunayen unguwanni kaɗai karatu ne: Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Dandalin Turawa inda fataken Larabawa suka zauna, don su ake kira Turawa kafin zuwan Nasara. Ku ƙare a Kurmi, wadda ita ma tun zamanin Rumfa take ci. Lungunanta matsattsu ne, ki riƙe hannun autan. Ku je layin dukawa da 'yan sirdi, ku ci gurasa a Jakara. Gidan Ɗan Hausa da Minjibir da Tiga ki bar su sai wani zuwan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta wa Hajiya amsarka, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta ce gidan da ta haifi Yaya yana nan a wani lungu bayan Dala, an sayar tun ina goye, amma za ta gane ƙofar. Ta kuma tuna makarantar allon da ya yi. Don haka Asabar da sassafe Dala, daga nan gidan, in masu shi sun yarda mu shiga. Lahadi marina da Kurmi. Saura Gidan Makama: wanda ya je kwanan nan ya taimaka min, suna buɗewa ranar Lahadi? In ba sa buɗewa sai in nemi a ƙara min Litinin.