"Goods and chattels": kaya ake nufi ko shanu?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum. Ina fassara wata tsohuwar takardar wasiyya sai na ci karo da wannan magana ta Turawa, "goods and chattels". Goods dai kaya ne. Chattels fa? Wani ya ce min shanu ake nufi.

Lauya: Wa alaikumus salam. Ba shanu kaɗai ba ne, ɗan'uwa. A shari'ar Ingila chattel shi ne abin mallaka wanda za a iya ɗauka ko a kora, kamar mota, tufafi, gado, har da dabba. Gona da gida ba sa ciki.

Malamin Tarihi: Amma wanda ya ce shanu bai yi nisa ba. Chattel da cattle, wato shanu, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Daga Faransanci suka shiga Turanci bayan mutanen Normandi da ke arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Mutanen arewacin Faransa suna cewa catel, na tsakiya suna cewa chatel, tushen kuma kalmar Latin ce caput, wato kai. Da farko cattle kowace irin dukiya take nufi, sannu a hankali ta koma dabbobi, ta ƙare a kan shanu. Capital ma, wato jari, daga wannan kan ta fito.

Bafulatana: Malam, wannan ya yi min daɗi ƙwarai. A rugarmu in an ce "yaya dukiya?" garke ake tambaya, ba kuɗi ba. Larabawa ma jari ra'asul mali suke ce masa, kan dukiya. Ni da dukiya zan fassara ta.

Lauya: A nan na saba miki, Hajiya. Bahaushe in ya ce dukiya, gona da gida sun shiga, kuma a rabon gado wannan kuskure kaɗai ya isa ya raba zumunci. Sannan kalmar chattel tana da tabo. Bautar da aka yi wa baƙar fata a Amurka chattel slavery ake kiranta, domin doka ta lissafa ɗan Adam cikin kayan da ake sayarwa ana gado. Kada a jingina ta ga mutum ko da wasa.

Bafulatana: Subhanallahi, ban san da wannan ba. To na janye dukiya, amma kada a bar dabbobi a waje.

Ɗan Zazzau: Na gode muku. Zan rubuta "kaya da dabbobi, ban da gida da gona".