Waɗanda suka zauna a ƙasashen ƙanƙara, ku ba mu labarin abin da kuka gani

Alhaji Bubakari, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana na biyu ya samu gurbin karatun harkar kifi a jami'ar Tromso da ke arewacin Norwe, kuma in Allah ya yarda zai tashi a watan Agusta. Tun da takardar ta iso hankalin mahaifiyarsa bai kwanta ba, domin an gaya mata akwai lokacin da rana ba ta fitowa a garin har tsawon wata biyu, akwai kuma lokacin da ba ta faɗuwa. Yaron nan a Garwa aka haife shi, sanyin da ya sani bai wuce na Disamba da Janairu ba, wanda ake hura wuta da asuba a ƙofar gida, hantsi na yi kuma kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zama a irin waɗannan wurare su faɗa mana abin da suka gani da idonsu game da sanyi, da sutura, da abinci, da yadda ake ibada. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Hamadu, ɗan Marwa, mazaunin Tromso

Wa alaikumus salam Baba Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun. A garin nake zaune da iyalina, kuma abin da aka gaya wa Hajiya gaskiya ne. Tromso tana kimanin kilomita 350 arewa da layin Aktik, wato iyakar da daga ita zuwa arewa ake samun ranakun da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa, kuma saboda duniya a karkace take zagaya rana, wannan yanki yana juya wa rana baya a lokacin sanyi, ya fuskance ta dare da rana a lokacin zafi. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ranar ba ta leƙowa, kuma da yake duwatsu sun kewaye garin, sai wajen 21 ga Janairu ake sake ganin ƙwayarta. Wannan rana yara suna fita daga makaranta su tarbe ta, a sayi wani burodi mai zaƙi a ci saboda murna. Daga wajen 20 ga Mayu kuma har bayan tsakiyar Yuli ba ta faɗuwa ko kaɗan.

Amma ku kwantar wa Hajiya da hankali, duhun ba baƙi ƙirin ba ne yini guda. Daga hantsi zuwa bayan azahar akan samu wani haske shuɗi, irin wanda muke gani a gida bayan an sallame magariba kafin duhu ya rufe, kuma dusar ƙanƙara da ta lulluɓe ƙasa tana ƙara masa ƙarfi. Sanyin ma bai kai yadda ake zato ba, domin ruwan teku mai ɗumi da ke gangarowa daga tekun Atlantika yana sassauta shi. A Janairu yawanci digiri 4 ne ko makamancin haka ƙasa da sifiri, tashar jirgin ruwa ba ta daskarewa, kuma kowane ɗaki da kowace motar haya akwai ɗumi a ciki.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne rashin ranar, kuma a kansa nake so ku yi wa yaron magana. Mu da muka tashi a Marwa da Garwa da Injamena, rana ce agogonmu tun muna yara, domin bambancin tsawon yini tsakanin damina da hunturu a wajenmu bai kai sa'a ɗaya da rabi ba. Da fitowarta muke sanin lokacin kasuwa, da inuwar bango muke sanin la'asar. A shekarata ta farko, da Disamba ta shiga, sai na riƙa jin nauyin jiki tun da safe, barci ba ya isata ko na yi sa'a goma sha biyu ina yinsa, abinci mai zaƙi kawai nake sha'awa, kuma idan 'yan gida suka kira ni a waya sai in ji ba na son magana. Wani abokin aikina ɗan ƙasar ne ya lura da ni, ya riƙa jana waje kullum da tsakar rana mu yi tafiyar rabin sa'a a cikin ɗan hasken nan, ko ana dusa ko ana iska. Wannan fitar, da tashi a kan lokaci ɗaya kowace rana, da zuwa masallaci ranar Juma'a in ga fuskokin mutane, su ne suka dawo da ni hayyacina. Ɗalibin da ya kulle kansa a ɗaki daga Nuwamba shi ne nake ji wa tsoro.

Isa Garba, ɗan Kusiri, mazaunin Yellowknife a Kanada

Baba Alhaji, barka da arziki. Yaya Hamadu ya faɗi gaskiyar garinsu, sai dai kada wanda zai tafi wani wuri ya ɗauka ko'ina haka sanyin yake da sauƙi. Garinmu bai kai Tromso nisa zuwa arewa ba, muna ganin rana ta kimanin sa'a biyar ko a Disamba, amma muna tsakiyar ƙasa nesa da teku, saboda haka a Janairu digiri 25 ƙasa da sifiri shi ne na yau da kullum, kuma yakan kai 40. A irin wannan rana numfashin mutum yana daskarewa a gemunsa da gashin idonsa kafin ya kai bakin titi, kuma idan akwai iska, kunne ko yatsan da aka bari a buɗe yana iya lalacewa cikin minti goma. Haɗarin shi ne wurin ba ya ciwo, mutuwa kawai yake yi, sai an shiga ɗumi azabar take tasowa. Na ga wani baƙo da ya fito ɗaukar kaya daga mota ba safar hannu, ya kama ƙarfen ƙofa, fatar tafinsa ta manne.

Motoci a nan da wayar lantarki suke kwana, ana jona injin da bango don kada man ya daskare. Tafkin da garin yake bakinsa yana yin ƙanƙara mai kaurin da har ake shata hanyar mota a kansa zuwa ƙauyen Dettah. Ni da na tashi ina tsallaka kogin Logon da kwalekwale, ranar da na fara tuƙi a kan ruwa addu'a nake yi har na kai gaci.

Game da sutura, kada ku kashe kuɗi a kasuwar Garwa wajen sayen manyan rigunan gwanjo, ba za su yi masa amfani ba. Ku ba shi kuɗin ya saya a can, kuma akwai shagunan kayan hannu masu sauƙin farashi. Ƙa'idar ita ce hawa uku: ulu a jikin fata, riga mai kauri a kai, sannan wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Auduga ba ta dace da jikin fata ba, domin tana riƙe gumi, gumin kuma ya huce a jikin mutum. Takalmi ya zama mai yalwa, wanda zai ɗauki safa biyu ba tare da ya matse yatsu ba. Zafi ma yana da nasa tashin hankalin: a Agustan 2023 gobarar daji ta sa aka kwashe mutanen garinmu baki ɗaya, kusan dubu ashirin.

Hajiya Zainabu, 'yar Ngaundere, ma'aikaciyar jinya a Oulu, Finlan

Alhaji, ina gaisuwa, kuma a isar wa Yaya Hajiya da saƙona, domin na san abin da ke ranta. Magana ta farko ita ce sinadarin bitamin D. Jiki daga hasken rana yake samar da shi, baƙar fata kuma tana bukatar rana mai yawa kafin ta samar da isasshe, ga shi daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasashen nan ko ta fito ba ta da ƙarfin yin wannan aiki. Shi ya sa hukumomin lafiya na Finlan suke ba masu duhun fata da mata masu rufe jiki shawarar shan ƙwayarsa duk shekara, mutanen Norwe kuma man hantar kifi suke sha tun kaka da kakanni. Na sha ganin 'yan Afirka sun zo da ciwon ƙashi da kasala suna zaton maleriya ce ta biyo su daga gida, a auna jini a tarar wannan ne. Yaron ya fara shan ƙwayar tun daga saukarsa.

Ta biyu, fata. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska ƙwarai, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi kaushi, wasu har haɓo suke yi. A haɗa masa man kaɗanya mai yawa. A sa masa kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yakuwa, da daddawa a ƙulle da kyau, da yaji, domin ranar da kewar gida ta taso miyar kuka tana yin abin da magani ba ya yi. Kilishi kam a bar shi a gida, domin an hana shiga da nama daga ƙasashenmu, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Kifi kuwa zai same shi a can har ya gaji.

Wani abu da ya girgiza ni a farkon zuwana shi ne ganin jarirai suna barcin rana a waje cikin kekensu, an naɗe su da ulu, alhali dusa ta rufe ko'ina. Har na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata ƙofa ina zaton mantawa ta yi da ɗanta. Daga baya na fahimci mutanen nan ba sa ɓuya wa sanyi, shiga suke yi masa su fita harkokinsu, kuma a Oulu yara a kan keke suke zuwa makaranta a tsakiyar hunturu. Yaronku kuma ya rataya ɗan abin nan mai ƙyalli a rigarsa, domin a cikin duhu direba ba ya ganin mai tafiya da baƙaƙen kaya sai ya zo dab da shi.

Dakta Mahamat Sale, Injamena

Alhaji Bubakari, na daɗe da dawowa, amma zan sa baki. A zamanin Tarayyar Sobiyet na yi karatun likita a Leningrad, kuma ina can aka yi sanyin Janairun 1987, wanda ya wuce digiri 30 ƙasa da sifiri. Lokacinmu babu wayar hannu, wasiƙa takan yi makonni kafin ta iso Cadi, duk da haka mun gama lafiya mun dawo. Abin da na lura da shi shi ne waɗanda suka sha wahala a cikinmu ba raunin jiki ne ya kayar da su ba. Kaɗaici ne a cikin dogon dare, wasu kuma suka nemi ɗumi a kwalba, alhali giya buɗe jijiyoyin fata take yi, mutum ya ji ɗumi yayin da zafin jikinsa yake zurarewa. Ku riƙa kiransa a kan lokaci sananne, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu, kuma idan kuka ji muryarsa ta canza kada ku ce ragwanci ne. Ku sa shi ya ga likitan jami'a, ciwo ne da aka sani kuma ana maganinsa.

Alhaji Bubakari, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura maganar salla da azumi, Injiniya, domin ita ce kakarsa take ta tambaya.

Injiniya Hamadu

To Baba, akwai masallaci a Tromso mai suna Alnor, kuma jama'arsa daga ƙasashe da yawa suke. A watannin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa, jadawalin Makka ake bi. Malamai sun kafa hujja da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da kwanakin Dujal, inda sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta isa a ranar da tsawonta ya kai shekara, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su ƙaddara lokutan. Wasu malaman kuma sun fi son a bi gari mafi kusa da yake da dare da rana, kuma akwai 'yan'uwa da suke bin wannan. Shawarata ita ce ya bi jama'ar masallacin da yake salla a ciki, kada ya riƙa sauya jadawali shi kaɗai.

A 2015 da 2016 azumi ya faɗo a watan Yuni, muka riƙa buɗe baki da dabino rana tana haska tagar masallaci, mu yi tarawihi mu fito ana ganin inuwar mutum a ƙasa. Zuciya takan yi nauyi a daren farko, domin ido yana ganin rana, hannu yana kai ruwa baki. Ƙishirwa kam babu ita, wanda ya yi azumin Afrilu a Garwa cikin zafin digiri 42 ba zai ji komai ba. Yanzu watan yana ja baya da kwana goma ko goma sha ɗaya kowace shekara, ya shiga lokacin sanyi, kuma a 2030 zai faɗo a Janairu, cikin kwanakin da babu rana.

Hasken Yuni da Yuli ma ya shirya masa, domin yana hana barci kamar yadda duhu yake kawo shi. Ƙarfe ɗayan dare za ka ga mutane suna yankan ciyawa ko suna hawan dutse, jikinka kuma ya ƙi yarda cewa dare ya yi. Ya nemi labule baƙi mai kauri, ya sa agogo ya tashe shi sallar asuba. Tun da a Agusta zai sauka, zai tarar da dare gajere yana ƙaruwa a hankali, wanda hakan zai ba jikinsa lokacin sabawa. Kafin Oktoba ta ƙare ya sayi ƙusoshin da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, domin garin tudu ne da gangare, kuma idan aka yi ruwa a kan dusa ya daskare, santsin yana karya mutane kowace shekara. Idan ranar tafiyarsa ta tabbata ku sanar da ni, ni da kaina zan je filin jirgi in ɗauko shi.