Mandolin ko mandola, wanne ya kamata in saya don kiɗan old-time?

Bakano_a_Ohio:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu harkar kiɗa a bani shawara. A Amurka nake zaune kuma na shiga wani zaman kiɗa da ake yi a unguwarmu, old-time ɗin nan na mutanen tsaunukan Appalachia, masu goge (violin na Turawa nake nufi) da banjo da jita a zauna a zagaye ana ta maimaita kiɗa ɗaya har sai an gaji. Mandolin ɗina na 'yan koyo ne, katakon filawud, tsirkiyoyin sun yi sama sosai yatsuna duk sun yi kanta, kuma da masu goge sun taso wlh ko ni bana jin abin da nake kaɗawa. Na ɗan tara kamar dala 1,500. In sayi F-style mai murɗaɗɗen ƙahon nan ne, ko kuwa in koma mandola, babbar yayar mandolin mai kaurin murya, gaba ɗaya tunda muryarta ta fi min daɗi?

Dattijon_Tsirkiya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka bar batun ƙahon nan, ado ne, kuɗin sassaƙa kawai za ka biya. Kamfani ɗaya katako ɗaya, A-style, wato marar ƙahon, ya fi araha nesa ba kusa ba kuma sauti kusan ɗaya ne. Abin dubawa shi ne ramin da ke fuskar mandolin ɗin, mai ƙwai ne ko mai siffar f irin na goge. Mai f ɗin ya samo asali daga samfurin F-5 da kamfanin Gibson suka fitar a 1922 zamanin injiniyansu Lloyd Loar, shahararren makaɗi Bill Monroe ya riƙe na 1923 ya yi salon kiɗan bluegrass da shi, shi yasa kowa ke ganin shi ne mandolin. Amma bluegrass daban old-time daban. Can ana son sauti mai sara, kowa ya yi solo ɗinsa, ku kuwa ba solo, tare kuke tafiya da mai goge daga farko har ƙarshe. Mai ramin ƙwai muryarsa ta fi kauri kuma tana daɗewa kafin ta mutu, ita ce ke shiga cikin taro ba ta tsone kunne ba. In ka samu tsohon Gibson A na wajen 1910 zuwa 1920, ƙirar garin Kalamazoo, ka gwada shi. Sai dai ka kwantar da shi ka kalli fuskar ta gefe, in ta lotsa a ƙarƙashin jaki to akwai matsala a ciki, kuma na kafin 1921 basu da ƙarfen nan na cikin wuya da ake saitawa, wuyan in ya lanƙwashe gyaransa sai gwani.

mai_jita_22:
Baba a gafarce ni amma ban yarda da duka ba. Shi fa kukansa ba a jinsa ne. Mai ramin ƙwai a ɗaki kai kaɗai daɗi kamar me, amma ka shiga tsakiyar goge huɗu da banjo biyu ka ji yadda zai nutse. Ni A-style mai f zan ce, na kamfanin Eastman ko Kentucky, fuska katakon spruce baya katakon maple, katako na gaske ba filawud ba, kuma kuɗinka zai yi saura. Sauran ka kai wa mai gyara ya yi saiti, ya rage tsayin jaki ya gyara firet, ƙarafan nan da ke jere a wuya, ka sa sababbin tsirkiyoyi da fik, wato abin kaɗa tsirkiya, mai kauri. Gsky ma kafin ka sayi komai ka kai wanda kake da shi a saita, ciwon yatsun nan rabinsa daga nan yake.

Hajiya_CGDA:
Ba wanda ya taɓa mandolar sai ni, to bari in faɗa maka ɗan'uwa tunda ita nake kaɗawa. Saitin tsirkiyoyin mandolin G D A E ne daidai da saitin gogen da aka saba, in mai goge a wannan saitin yake duk inda ya sa yatsa kai ma nan za ka sa. Mandola C G D A ce, babu tsirkiyar E kwata-kwata, kuma yawancin kiɗan old-time a D da A da G suke, rabinsu a kan E ɗin nan yake hawa, sai dai ka haura can saman wuya ko ka sauko da kiɗan ƙasa ka sake koyon yatsu tun daga farko. Ga tsawo, mandolin bai cika inci 14 ba ita kuwa 16 ko fiye, ƙaramin yatsanka zai gaya maka. In waƙa kake yi kana raka kanka to babu kamarta. In zaman nan ne damuwarka ka tsaya a mandolin tukuna. Kuma duk wanda ka saya ka sa masa abin danshi a akwati lokacin sanyi, hita na busar da ɗaki kamar hunturun Kano, katakon gaske tsagewa yake.

Bakano_a_Ohio:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mandola ta jira. Akwai shago a nan da ke da mai ƙwai da mai f duka, zan roƙi ɗaya daga cikin masu gogen ya raka ni ranar Asabar ya kaɗa a gefena in ji wanda ke fita. Baba, in na ga tsohon Gibson zan turo hoton fuskar ka duba min.