Sarƙar babur ɗina tana ƙara kuma tana yawan saki, ina neman shawara

Malamin Firamare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Bajaj Boxer da na saya na hannu da kuɗin adashin da muke yi a makaranta, kuma sai da na roƙi wani abokin aiki ya bar mini kwasarsa kafin kuɗin su cika, abin da har yanzu maiɗakina take yi mini ƙorafi a kai domin ita firji ta so a saya. Da shi nake zuwa aiki daga Funtuwa zuwa wani ƙauye, rabin hanyar kuwa burji ce. Tun da hunturu ya kama sarƙar take ƙara, idan na sauya giya sai ta fizga. Ƙanena ya are shi ya je biki, kuma tun daga nan nake ganin abin ya ƙaru. Ina zuba mata baƙin mai da nake karɓa wurin mai juye man inji. An ɗaure ta, ba a jima ba ta sake saki, yanzu kuma bakanike ya ce sai an sauya ta tare da faifan haƙoran gaba da na baya, ga shi albashi bai shigo ba. Me zan yi?

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam Malam. Baƙin man nan shi ne ya cinye maka sarƙa, ba ƙanenka ba. Man da aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe, ga shi tsinkakke, idan ya haɗu da ƙurar burji sai ya riƙa goge fil ɗin da ke cikin kowace gaɓa, shi ya sa take ƙara tsawo kana ɗaurewa tana saki. Ka ɗora babur a kan ƙafar tsakiya, ka kashe inji, ka wanke sarƙar da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka goge da tsumma har ta bushe. Sannan ka ɗiga man giya mai lamba 90 ta cikin layin sarƙar na ƙasa kana juya taya da hannu, ka share wanda ya yi yawa. Kada ka kuskura ka yi wannan aiki inji yana tafiya a giya, na ga yatsun da suka tafi ta haka.

Ɗan Acaɓa: Oga, da girmanka, kananzir yanzu ya fi fetur tsada, wa zai saye shi don wanke sarƙa? Mu da fetur muke wankewa mu shafa giris. Matsalar gaskiya ita ce kayan jabu. Na sayi sarƙa a kwali mai kyau, mai shagon har rantsuwa ya yi mini, ba ta kai ƙarshen damina ba ta tsinke mini da fasinja a baya, da na koma sai ya ce ba ya karɓar kayan da aka ɗaura.

Tsohon Bakanike: Giris a waje yake tsayawa, ba ya shiga inda ake bukatarsa, sai tara yashi. Fetur kuwa yana lalata zoben roba a sarƙoƙin da ke da shi, ga haɗarin gobara. Malam, ka je bayan faifan baya ka ja sarƙar da yatsa. Idan ta ɗago har ka hango rabin haƙori, ta gama aiki, babu man da zai dawo da ita. Haka idan haƙoran sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya. Bakanikenka ya yi gaskiya, sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai asarar kuɗi ce. Kuma a bar mata wasa na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, domin ɗaurin da ya wuce kima shi ma yana kashe ta.

Malamin Firamare: Na gode Oga, amma mahaifinmu da baƙin mai ya yi ta amfani a Honda ɗinsa har ya tsufa, ban taɓa jin ya koka ba. Kuma kafin ƙanena ya ɗauka ƙarar ba ta kai haka ba.

Mai Shagon Ɗinki: Malam, ba ka faɗa mana ko murfin sarƙar yana nan ba, domin yaran yanzu cire shi suke yi wai don gayu. Ni na daina ba da aron babur ko ga ɗan cikina, tun ranar da aka dawo mini da shi babu madubi ɗaya, tanki kuma a bushe, aka ce haka aka same shi.

Tsohon Bakanike: Babur ɗin mahaifinku a rufe sarƙarsa take ruf, ƙura ba ta samunta. Ka amsa tambayar murfin, kuma ka gwada jan da na ce.

Malamin Firamare: Murfin sama yana nan, na ƙasa ne babu, kuma a haka na saye shi, don haka ba na jin shi ne dalili. Wani ya ce mini a cire gaɓa ɗaya a rage tsawonta ta kai ni ƙarshen wata. Akwai wanda ya taɓa yin haka?

Ɗan Acaɓa: Na sha yi, tana kaiwa, sai dai kada ka ɗauki kaya mai nauyi.

Tsohon Bakanike: Ni dai ba da yawuna ba.