Atishawar hunturu: wane magani za a saya, nawa za a sha

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Hazo ya sauka a Katsina, ga sussukar gero da dawa a ƙauyuka, kuma tambaya ɗaya ce ke ta shigowa: atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba kamar ruwa, ido na ƙaiƙayi, amma babu zazzaɓi. Masu sani, a taimaka.

Famasis, Ƙofar Kaura: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Wannan ba murar ƙwayar cuta ba ce, don haka a bar ampiclox, ba shi da aiki a nan. Jiki ne ke ɗaukar ƙura ko ƙaiƙayin hatsi a matsayin abokin gaba, sai ya saki sinadarin histamin, shi kuma ya kawo atishawar. Maganin da ke tare shi iri biyu ne. Tsohon shi ne Piriton, wato chlorpheniramine: ƙwaya ɗaya miligiram 4, duk bayan awa 4 zuwa 6, kada babba ya wuce shida a yini. Yana aiki, amma yana shiga ƙwaƙwalwa ya sa barci. Na baya su ne loratadine da cetirizine, miligiram 10 sau ɗaya a yini, shi ke nan. Ga mai fita nema, loratadine nake ba da shawara.

Likita, Daura: Na goyi bayan Malam, kuma zan tsaya a kan barcin nan domin ana raina shi ƙwarai. Direban da ya sha Piriton da asuba ya kama hanyar Daura zuwa Kano zai rantse idonsa biyu, alhali ƙafarsa ta yi jinkirin taka birki. Ko wanda ya sha da tsakar dare, nauyin kan bi shi har hantsi. Haka ɗan acaɓa, mai Keke Napep, mai injin niƙa, mai hawa gini. Cetirizine ma kan sa wasu gyangyaɗi, don haka a fara shan sa da dare a ga yadda jiki zai karɓe shi. Kuma kada a haɗa ko ɗaya da tramadol, kodin, maganin barci ko giya. Nauyin ninkuwa yake yi, har numfashi ya raunana.

Famasis, Ƙofar Kaura: Babban kuskuren da ake yi a kemis shi ne a sayi Procold ko Mixagrip, sannan a ce a ƙara Piriton. To ai waɗannan akwai chlorpheniramine a cikinsu, akwai paracetamol. Sirof ɗin tari da yawa ma akwai irinsa. Mutum ya sha abu ɗaya sau uku da suna daban-daban bai sani ba. A juya kwali a karanta, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Mai hawan jini kuma ya guji gauraye-gaurayen nan, domin sinadarin buɗe hanci da ke ciki yana ɗaga jini, ya sa bugun zuciya.

Maman Khalifa: Likita, yara fa? Ƙwayar manya za a ɓalla?

Nas, Ƙofar Sauri: Hajiya, sirof ya fi, a kuma auna da sirinji ko murfin da aka zana wa layi, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Sirof ɗin cetirizine mai miligiram 5 a cikin mil 5: ɗan shekara 2 zuwa 5, mil 2.5 safe da yamma. Ɗan 6 zuwa 11, mil 5 safe da yamma. Daga 12 ya shiga awon manya. Loratadine da nauyi ake bi: yaron da bai haura kilo 30 ba miligiram 5 sau ɗaya, wanda ya haura miligiram 10. A duba ƙarfin da aka rubuta a kwalba kafin a auna. Ƙasa da shekara 2 kada a ba da komai sai likita ya gani.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba jariri Piriton ko Phenergan don ya yi barci a huta. Wallahi a daina. Phenergan na iya tsayar da numfashin yaron da bai kai shekara 2 ba. Wani yaron kuma ba barcin zai yi ba, firgita zai yi ta yi yana kuka.

Likita, Daura: Haka ne, Sista. Dattawa ma a kula da su. Piriton na busar da baki, ya kawo jiri da ruɗewa, ya kuma riƙe fitsari. Baban da dama fitsari ke fita masa da ƙyar saboda kumburin furostet, ƙwaya biyu na iya toshe shi gaba ɗaya sai an sa masa roba. Mai hawan jinin ido da mai farfaɗiya su tambayi likitansu tukuna. Mai ciwon ƙoda ana rage masa cetirizine. Mai juna biyu da mai shayarwa, loratadine ko cetirizine aka fi zaɓar musu, amma ta faɗa a wurin awo kafin ta fara.

Malama, Ƙofar Marusa: Mai shan ƙwayar ƙiba fa, Likita? Na ji an ce dangi ɗaya ne.

Likita, Daura: Gaskiya aka faɗa miki, Malama. Cyproheptadine da ake sha don buɗe ciki shi ma tsohon maganin histamin ne. Idan aka ɗora masa Piriton, an ninka ke nan.

Famasis, Ƙofar Kaura: Ga mai sayen fexofenadine, shi ma cikin na baya yake, miligiram 120 sau ɗaya a yini, kusan ba ya sa barci. Amma da ruwa ake sha, ban da ruwan lemu ko na tuffa, domin suna hana hanji ɗaukar sa. Maganin olsa na ruwa ma a ba shi tazarar awa 2. Mai azumi ya sha na sau ɗayan nan bayan buɗa-baki, zai kai shi gobe.

Nas, Ƙofar Sauri: Toshewar hanci ba ta cika jin ƙwayoyin nan ba. A tafasa ruwa rabin lita ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a riƙa shaƙa ana fyacewa safe da yamma. Otrivin, wanda ake ɗigawa ko fesawa a hanci, na buɗewa nan take, amma kada ya wuce mako guda, in ba haka ba hancin ya ƙara toshewa, mutum ya kasa rabuwa da shi. A sa takunkumi in za a shiga Babbar Kasuwa, a yayyafa ruwa kafin shara.

Likita, Daura: In mako biyu ya wuce babu sauƙi, akwai na fesawa a hanci irin fluticasone, sai dai yana ɗaukar kwanaki kafin ya kama. Ba shi ne dexamethasone da ake haɗiya barkatai ba, wannan kan tayar da suga da hawan jini. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, Piriton ba ya buɗe ƙirji. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi na fita da ƙara, a tafi asibiti nan take, allurar adrenaline ake buƙata. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa, a wannan lokaci na rani sanƙarau ake fara zargi, ba a kwana da shi a gida.

Shugaban Zaure: Allah ya saka da alheri. Sista, a sake turo awon yaran shi kaɗai, zan maƙala shi a saman zaure.